Kyamarar da ba ta san caji ba

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon kamar yadda muka saba, saboda 'yan uwa da datarsu ba ta kai ta sauraron murya ba, da waɗanda sai sun hau tudu suke samun netwok. Yau maganar kyamara za mu yi. Na san wani zai ce, kyamara kuma, ana fama da abin kaiwa baka? Ka ɗan yi haƙuri ka bi ni, akwai inda na dosa.

Da Babbar Sallar da ta wuce na je gida, Geza, a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi. Wanda bai san yankin ba, muna can wajen iyakar Jamhuriyar Benin, ƙasar kogin Kwara da shinkafa da kifi. A ɗakin kakata akwai wani hoto baƙi da fari na kakanmu, Allah Ya jiƙansa. Tun ina yaro nake ganinsa rataye, amma ban taɓa tsayawa na dube shi ba sai wannan zuwan. Yana zaune kan kujera da babbar riga, hannu ɗaya a gwiwa, an ɗan janye hannun rigar don agogo ya fito. Na sauko da shi na goge ƙura, na ɗora kyamarar wayata a kai na jawo shi kusa. Wallahi zaren aikin da ke wuyan rigar ana iya ƙirga shi. Ga tsagar fuskarsa, ga jijiyoyin bayan hannunsa, har lambobin agogon suna karantuwa.

Na tambayi Kaka yaushe aka ɗauka. Ta ce shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Wato 1973 ke nan. A bayan hoton akwai tambarin shago da Faransanci, ya kusa gogewa, don a tsallaken iyaka aka ɗauke shi lokacin yana fatauci. A lokacin ma ƙasar Dahomey ake ce mata, sai a 1975 ta koma Benin.

To, hoton nan ya haura shekara 50. Ni kuwa hotunan bikin gama jami'ata, sun fi 300, babu ko ɗaya a hannuna. Wayar ce ta zame daga aljihu ta faɗa ruwa muna cikin kwalekwale, shi ke nan. Abin da ya rage guda biyu ne da na taɓa tura wa wani aboki ta WhatsApp, su ma in ka jawo su kusa sai fuskata ta koma kamar an dama fura. Wannan ya sa na shiga bin diddigi: wace irin na'ura ce ta yi wancan aikin, a zamanin da garuruwanmu da yawa ko turken wuta babu?

Sirrin farko ba a jikin kyamarar yake ba, a fim yake. Ƙannenmu da suka tashi da waya a hannu, bari na yi muku bayani. Fim wata leda ce siririya da aka shafa wa sinadarin azurfa. In haske ya taɓa shi, sinadarin yakan canja, amma ido ba ya ganin canjin sai an kai fim ɗin ɗakin duhu an wanke shi da wasu ruwan magani. Abin da ke fitowa shi ne negetif: inda yake fari a zahiri ya fito baƙi, inda yake baƙi ya fito fari. Daga negetif ɗin ake haska hoton kan takarda, ita ma a wanke ta. Shi ya sa har yau muke cewa "wanke hoto", ko da firinta ce ta tofo shi ba ta ga ruwa ba.

Fim girma-girma ne. Wanda yawancin yayyenmu suka sani shi ne ƙaramin nan mai zuwa cikin gwangwani, 35, wanda kowane hoto a jikinsa milimita 24 ne a 36. Akwai babba ƙwarai mai zuwa falle-falle, na kyamarar akwatin katako da mai hoto ke lulluɓa da baƙin ƙyalle. A tsakaninsu akwai matsakaici, wanda ake kira 120. Kamfanin Kodak ne ya fito da shi a 1901, kuma har gobe ana yin sa. Faɗinsa kusan santimita 6, a naɗe yake da takarda a bayansa. Hoton kakana a kan irin wannan fim aka ɗauke shi, shi ya sa ya fito murabba'i, tsawo da faɗi ɗaya.

Me ya sa girman yake da muhimmanci? Ka ɗauka an ba ka allo, an ba wani bayan kwalin ashana, aka ce kowa ya zana fuskar mutum ɗaya. Wa zai samu wurin sa gashin gira? Haka abin yake. Kyamarar da za mu yi magana a kanta tana ɗaukar hoto mai kusan milimita 56 a 69, abin da ake kira 6 a 7. Filinsa ya ninka na fim ɗin 35 sau huɗu da ɗoriya. In za a buga hoto mai inci 8 a 10, irin na ratayewa a falo, sai an faɗaɗa negetif ɗin 35 kusan sau 8, shi kuwa wannan bai kai sau 4 ba. Duk abin da ba a ja shi da yawa ba, ba ya yagewa. Idon da ke karɓar haske a cikin yawancin wayoyinmu kuwa bai fi farcen ɗan yatsa ba. Sauran kyan da kake gani, kwamfutar cikin wayar ce take cike gurbi da lissafi.

Sannan akwai dalilin da ya sa bai kodewa. Hoton baƙi da fari, abin da kake gani baƙi a takardar azurfa ce ta gaske, ƙwayoyi ƙanana. In an wanke shi da kyau an ɗauraye maganin tas, zai iya wuce shekara 100. Hoton kala kuwa rini ne, rini kuma zafi da haske suna cin sa. Ku duba albam ɗin gidanku: hotunan auren iyayenku na 1990 da wani abu sun koma ja-ja ko rawaya-rawaya, na kakanni da suka girme su da shekara 20 suna nan daram.

Yanzu mu zo kan na'urar. A cikin dangin kyamarorin da ke cin fim ɗin 120, wadda masu shagon hoto a duniya suka mayar jakar aikinsu ita ce Mamiya RB67. Kamfanin Mamiya na Japan ne ya fito da ita a 1970, aka inganta ta a 1974 da sunan Pro-S, aka sake ingantawa a 1990 da sunan Pro-SD. Na samu na riƙe guda a hannuna a wajen wani dattijo da ya daɗe da barin sana'ar hoto, yana ajiye da ita cikin akwatin ƙarfe, a naɗe da tsohon rawani. Abu na farko da zai ba ka mamaki nauyinta ne. In an haɗa ta da gilashin idonta da gidan fim, ta haura kilo biyu da rabi. Ba abar ratayawa a wuya a shiga gari ba ce. Kan ƙafafu uku ake kafa ta, kamar tukunya a murhu.

Na juya ta gaba da baya ina neman ramin batir. Babu. Ba ta da batir, ba ta da wayar caji, ba ta da allon da ke kawo haske. Komai nata sifirin ne da ƙananan haƙoran ƙarfe, irin na agogon da ake wanawa da hannu. Ƙarfin da take aiki da shi daga babban yatsanka yake fitowa. Akwai wani mariƙi a gefen dama, in ka tura shi gaba ka ɗana sifirin ɗin, madubin ciki ya sauko, idon ya buɗe. Dattijon ya ce ta fi shekara 15 ba a taɓa ta ba. Ya tura mariƙin ya danna, sai ga ƙara, ƙwas, kamar an rufe ƙofar mota. Ka ajiye wayarka shekara 15 a akwati ka dawo mu gani.

Yadda ake leƙa ta ma daban ne. Ba a manna ta a ido. Sama ake buɗewa, wasu marafai huɗu su miƙe su yi rumfa, sai ka sunkuya ka leƙa ciki kamar mai leƙa rijiya. A ƙasa akwai gilashi mai faɗin tafin hannun yaro, a nan mutumin da ke gabanka zai bayyana, da kalarsa da motsinsa, saboda madubin ciki yana karkato hasken zuwa sama. Sai dai hagu ya koma dama, dama ya koma hagu. Sabon hannu in yana so ya bi mutum dama sai ya tafi hagu, ni ma sai da na yi wannan abin kunyar.

Saita hoto ya fito tar kuma, da wani abu ake yi wanda duk ɗan ƙauye ya san shi: zugazugi. Irin na maƙera, mai naɗewa da miƙewa. In ka murɗa wani maɓalli a gefe, gaban kyamarar gaba ɗaya ya taho gaba a kan zugazugin, har wajen santimita 4 da rabi. Amfanin wannan shi ne tana iya matsowa kusa da abu ƙwarai, ta ɗauki ƙunshin hannun amarya ko aikin hula ba tare da an ƙara mata komai ba.

Haruffan R da B ɗin da ke sunanta suna nufin bayanta yana juyawa. Ga ma'anar. Hoton mutum ɗaya a tsaye ake so, hoton iyali a kwance. Da ƙaramar kyamara sai ka karkata ta kawai. To wa zai riƙa karkata kilo biyu da rabi a kan ƙafafu uku, kwastoma na jira? Sai suka yi dabara: kyamarar tana nan zaune, gidan fim ɗin da ke baya kaɗai za ka murɗa ya koma tsaye ko kwance. Gidan fim ɗin kuma ana cire shi gaba ɗaya. Akwai wani siririn faifan ƙarfe da ake zurawa ya tare haske, sai ka cire gidan baƙi da fari ka sa na kala, ko da fim bai ƙare ba.

Wurin da na fi so shi ne ƙofar hasken, wato abin da ke buɗewa ya rufe lokacin da aka danna. A yawancin ƙananan kyamarori labule ne guda biyu ke gudu a gaban fim. A wannan kuwa ƙofar a cikin gilashin idon take, wasu siraran ganyayen ƙarfe ne da ke buɗewa daga tsakiya su rufe, kamar ƙiftawar ido. Tana iya tsayawa a buɗe daƙiƙa ɗaya cur, tana iya yin kashi 1 cikin 400 na daƙiƙa. Da ka danna, abubuwa ne ke bin juna a jere cikin ƙasa da daƙiƙa: ganyayen su rufe, madubi ya tashi sama, marfin da ke kare fim ya kauce, ganyayen su buɗe su sake rufewa. Duk sifirin ne ke ba wa sifirin hannu. Saboda ƙofar tana buɗe fim ɗin gaba ɗaya a lokaci guda, filasha tana aiki da ita a kowane sauri. Masu labule kuwa a zamanin, in ka wuce kashi 1 cikin 60 ko 125, sai rabin hoton ya fito baƙi. Ka tuna ɗaurin aure da tsakar rana, rana ta take, rawani ya jefa inuwa a fuskar dattijo. Mai irin wannan kyamarar zai iya rage ƙarfin ranar da sauri, ya cike inuwar da filasha. Gaskiya dai ita filashar tana buƙatar batir ko wuta, amma kyamarar ba ruwanta. In babu, hasken Allah ya isa.

Ba ta kuma auna maka haske. Kai za ka yanke hukunci. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da masu hoto suka haddace: in rana ta fito tar, ka sa kafar ido a lamba 16, saurin ƙofa kuma ya yi kusa da lambar da ke jikin kwalin fim, wato in 100 ne ka sa 125. In hadari ya taso ko hazon hunturu ya rufe rana, ka ƙara buɗe kafar. Sauran kuma gogewa ce.

Kar na yi ta yabo kamar dillali. Tana da nata matsalolin. Soson da ke toshe kafofin haske yana ruɓewa, zugazugin yana hujewa, man da ke cikin ganyayen yana daskarewa, ƙurar hunturu na shiga, danshin damina yana sa gilashi ya yi fumfuna. Amma duk waɗannan ciwo ne da hannu da sukundireba ke magancewa. A 1982 kamfanin ya fito da ƙanwarta RZ67, wadda lantarki ke sarrafa ƙofarta. Ta fi sauƙin aiki, amma in batir ya mutu sauri ɗaya tak ya rage mata, in kuma allon lantarkin ya ƙone sai dai a nemo wani. Ita tsohuwar, mai gyaran agogo mai haƙuri zai iya fahimtar cikinta.

Naɗi ɗaya na fim, hoto 10 ne a wannan kyamarar. Goma. Kowane dannawa kuɗi ne, kuma ba za ka ga sakamako ba sai an wanke. Wannan ya canja yadda ake ɗaukar hoto gaba ɗaya. Mai hoto sai ya gyara maka hula, ya daidaita naɗin riga, ya ɗaga maka haɓa, ya jira numfashinka ya kwanta. Kai ma ba ka zuwa haka kawai. Wanka ake yi, a sa kayan Sallah, wani ya ari agogo, wani ya ari rediyo. Mutum yana zaɓar yadda yake so jikokinsa su gan shi.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi, wannan ra'ayina ne. Mai leƙa irin wannan kyamarar kansa a sunkuye yake. Bai ɓoye fuska a bayan na'ura ba, bai kuma ƙura wa wanda yake ɗauka ido ba. A wajenmu da ƙura wa babba ido rashin kunya ne, wannan sunkuyawar ta yi daidai da tarbiyyarmu. Sannan kyamarar tana daidai ƙirji ko ciki, don haka daga ƙasa kaɗan take kallon mutum. Shi ya sa mutanen cikin tsofaffin hotunan nan suke da kwarjini. Mu kuma yau daga sama muke ɗaga waya, kai ya yi girma, jiki ya tsuke.

Sai maganar fata. Daga shekarun 1950, kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoton kala wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi ake daidaita kalar inji. Ma'ana farar fata ce ma'auni. Baƙin mutum in ya shiga hoton, sau da yawa sai haƙora da fararen ido. Amma ku dubi aikin masu hoton Afirka ta Yamma na baƙi da fari: baƙar fata tana sheƙi, kowane lungu na fuska ya fito. Sun san inda za su tsayar da mutum, sun san yawan hasken da fatarmu ke so, kuma da hannunsu suke wankewa. Yau kuma wayar da ke aljihunka tana ƙara maka haske ba ka roƙe ta ba, har wasu ƙannenmu ba sa son ganin fuskarsu ta gaskiya.

RB67 tana da tsada, don haka manyan shaguna suka fi mallakarta. Abin da ya fi yawo a yankinmu 'yan uwanta ne masu ido biyu, ɗaya a kan ɗaya, irin su Rolleiflex ta Jamus da Yashica ta Japan. Fim ɗinsu ɗaya, 120, leƙawarsu ɗaya, kuma su ma sifirin ne ke tafiyar da su, sai dai hoto 12 suke bayarwa, murabba'i. Da irinsu Malick Sidibé ya ɗauki samari da 'yan matan Bamako bayan samun 'yancin kai. Mutumin nan kuma makanikin kyamara ne, shagonsa cike yake da tsofaffin kyamarori a kan kanta. A 2007 aka ba shi babbar lambar girmamawa ta Zakin Zinariya a bikin fasaha na Venice a Italiya, shi ne mai hoto na farko da ya samu. A Bobo-Dioulasso akwai Sory Sanlé da shagonsa Volta Photo. A nan Najeriya akwai J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan ƙasar nan har ya tara kusan 1,000. Kusa da mu kuma, a Yamai, akwai Philippe Koudjina, haifaffen Kwatano a 1940, wanda ya ɗauki rayuwar matasan birnin a shekarun 1960 da 1970. Kun ga sana'ar nan ba ta san iyaka ba. Yarbawa masu hoto ma sun bazu da ita har Nijar da Mali da Kwaddibuwa.

Labarin da ya fi tsaya min a rai na Seydou Keïta ne. Shi babbar kyamara mai fim falle-falle ya fi amfani da ita, ya buɗe shago a Bamako a 1948, yawanci a tsakar gida yake ɗauka da hasken rana. A 1991 aka baje wasu hotunansa a wani nuni a New York, aka rubuta a ƙasa cewa ba a san mai hoton ba. Wani Bafaranshe, André Magnin, ya ɗauki kwafi ya tafi Bamako yana tambaya. Malick Sidibé ne ya kalla ya gane aikin Keïta ne. Aka same shi da dubban negetif a ajiye. Cikin 'yan shekaru hotunansa suka shiga manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, ana sayar da su da kuɗi masu nauyi. Bayan rasuwarsa a 2001 kuma rigima ta ɓarke kan wa ke da iko da negetif ɗin, har gaban kotu.

Ku lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, abin da ya ceci sunansa shi ne bai zubar da negetif ba. Na biyu, mutanen da ke cikin hotunan, yawancinsu har yau babu sunansu. Kakar wani ce take rataye a bango a Paris, an rubuta "wata mata". Ta je ne ta ɗauki hoton da za ta aika wa danginta, ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda duniya ta kalle ta.

Abin da ya kashe waɗannan shagunan sananne ne. A shekarun 1980 injinan wanke hoton kala suka shigo manyan birane, masu cin ƙaramin fim, su fito da hoto cikin awa ɗaya da araha. Duk wanda ya sayi ƙaramar kyamara ya zama mai hoto, ya bi biki da suna. Masu ɗakin duhu suka rasa kasuwa. Daga baya dijital ta zo ta kashe injinan su ma, waya kuma ta zo ta haɗiye kowa. Kodak ɗin da kansa, wanda injiniyansa Steven Sasson ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975, sai da ya shelanta karyewa a 2012.

To ina negetif ɗin shagunan garuruwanmu? Wannan ita ce tambayar da ta sa na yi shirin nan. Tsofaffin masu hoto sukan ajiye negetif saboda kwastoma na iya dawowa neman ƙari. Dattijon da na ziyarta yana da su cikin gwangwanayen madara da kwalayen takardar hoto, wasu sun manne da juna. 'Ya'yansa ba su san amfaninsu ba, kuma ba laifinsu ba ne, ba wanda ya taɓa gaya musu. A cikin irin waɗannan gwangwanayen akwai fuskokin masu unguwanni, malaman makarantar allo, 'yan kasuwar da suka yi safara tsakanin Kamba da Gaya da Malanville, 'yan makarantar firamare, amare, 'yan dambe. Akwai yadda ake ɗaura kallabi a lokacin, da irin ɗinkin da ake yayi. Yankin da ba a rubuta tarihinsa da yawa a littafi ba, wannan ai shi ne littafin. Ga gara, ga zafi, ga ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san abin da ruwa ke yi wa ɗakin ƙasa da abin da ke cikinsa.

A Mali an yi wani aiki tare da Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, inda aka tsabtace aka kuma kwafe negetif kusan 100,000 na masu hoto biyar, cikinsu har da Tijani Sitou, Bayarabe da ya yi sana'arsa a Mopti. Asalin negetif ɗin kuma aka bar su a hannun iyalan. Laburaren Birtaniya ma yana da shirin tallafa wa ceto tsofaffin takardu da hotuna da ke cikin haɗari tun 2004. Amma kafin a kai ga wannan, akwai abin da kai da wayarka za ku iya.

In ka samu negetif a gida ko a tsohon shago, ka riƙe shi ta gefe, kar yatsa ya taɓa tsakiya. Kar ka wanke da ruwa, kar ka goge da tsumma. Waɗanda suka manne kar ka ɓamɓare da ƙarfi. In ka ji suna warin tsami kamar ruwan kal, ledar ce ta fara lalacewa, ka ware su daga sauran don abin yana yaɗuwa. Ka cire su daga leda, ka sa kowanne a takarda mai tsabta, a ajiye a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da ƙasa da kwanon rufi. In kana so ka ga abin da ke ciki, ka buɗe farin shafi a wata wayar ka ƙure haskenta, ka riƙe negetif ɗin ɗan nesa da allon, ka ɗauka da taka wayar, sannan ka juya kalar a manhajar gyaran hoto. Da yake negetif ɗin 120 babba ne, ko da wannan dabarar ta gida fuska za ta fito sarai.

Kafin ka ɗora a Facebook kuma, ka tsaya. Ka nemi izinin mai shagon ko magadansa, aikinsu ne. In an gane wanda ke ciki, a tambayi iyalansa, musamman hotunan mata. Kar mu yi wa mutanenmu abin da muke ƙorafin an yi musu a waje. In wani ya zo da kuɗi zai kwashe gwangwanayen gaba ɗaya, a yi shawara, a rubuta yarjejeniya, a riƙe kwafi.

Na san wani zai tambaya, to in sayi RB67 ɗin ne? In sana'ar hoton biki kake yi, a'a, kwastomanka yana so ya ga hotonsa kafin a watse. Fim ɗin 120 har yanzu Kodak da Ilford ta Ingila suna yin sa, amma sai an yi odarsa, ga tsada, ga neman inda za a wanke. In kuwa kana son ka koyi haske da gaske, ka kuma samu wadda ke kwance a gidan wani dattijo, ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka roƙi ya koya maka. Baƙi da fari ana iya wanke shi a ɗaki da dare in an toshe kafofi. Naɗi ɗaya, hoto 10, ka fara da tsofaffin gidanku.

Ni dai kafin na baro Geza na zaunar da Kaka, na sa ta faɗa min cikakken sunan kakan, da sunan mahaifinsa, da abin da yake saya da sayarwa a wannan tafiyar, na rubuta a bayan hoton da fensir, don biro yana cin takarda. Ta yi ta dariya wai yaron boko ya rasa aikin yi. Daga baya kuma ta jawo wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin gado, ta ce tunda abin ya zama haka, ga wasu guda bakwai.

Wanda ya san tsohon shagon hoto a garinsu, ko a Yawuri ne, ko Jega, ko Argungu, ko Kamba, ko tsallaken iyaka, ya faɗa mana sunan garin a ƙasa. Sunan gari kawai, ban da lambar wayar kowa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.